Tambaya da Amsa: Elektron nawa ne gwagware a kuromiyum?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a SS3, ina shirin WAEC da JAMB. A gwajin kemistiri an ce mu rubuta tsarin elektron na kuromiyum mu faɗi guda nawa ne gwagware, wato ba su da abokin zama, na rubuta 3d4 4s2 na ce huɗu ne, malaminmu ya soke ya rubuta shida. Wallahi ƙa'idar da aka koya mana na bi, don Allah ina na kuskure? Daga ɗanka a Tudun Wada, Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana. Malaminku ya yi daidai, amma kai ma ba shirme ka yi ba, kuromiyum ne ya kauce wa layi.

Bari mu faro daga tushe. Kowane obital, wato mazaunin elektron a cikin atom, elektron biyu kawai yake ɗauka, s yana da obital ɗaya, p uku, d biyar. To ka tuna in ka shiga bas a Samaru za ka Sabon Gari tun ba ta cika ba, ai ba wanda zai je ya matse wani alhali ga kujera babu kowa, sai kowace kujera ta samu mutum sannan a fara zama bibbiyu. Haka elektron suke yi saboda cajinsu iri ɗaya ne suna tunkuɗe juna, wannan ita ce dokar Hund, wani Bajamushe da ya fito da ita a shekarun 1920. Shi ya sa naitirojin mai 2p3, wato elektron uku a p, gwagwarensa uku ne, oksijin mai 2p4 kuma biyu, na huɗun ya rasa kujera dole ya raɓa da wani.

Kuromiyum elektron 24 gare shi, 18 na farko tsarin agon ne, wato iskar nan mai lamba 18, saura shida. A wurinsa ƙarfin 4s da na 3d sun yi kusa da juna sosai, kuma d in ta cika rabi daidai ta fi natsuwa, sai elektron ɗaya ya bar 4s ya koma 3d ya zama 3d5 4s1. Zana akwatuna ka gani da idonka, kibiya ita ce elektron, biyar na d kowanne kibiya ɗaya, na s kibiya ɗaya, shida ke nan. Jan ƙarfe mai lamba 29 shi ma haka, 3d10 4s1 ne, gwauro ɗaya tal. Waɗannan biyun ka riƙe su kamar sunanka.

Kuma abin nan ba a takarda ya tsaya ba fa, gwagwaren nan su ke sa maganaɗisu ya ja abu, har oksijin in an mai da shi ruwa yana maƙalewa a bakin maganaɗisu mai ƙarfi.

Wani ramin da nake ganin yara na faɗawa shi ne baƙin ƙarfe mai lamba 26, 3d6 4s2, gwagware huɗu. In aka ce Fe3+, wato baƙin ƙarfen da ya rasa elektron uku, daga 4s za ka fara cire biyu sannan ɗaya daga 3d, sai ya rage 3d5, gwagware biyar. Allah ya ba da sa'a.