Tambaya da Amsa: Ina koyon hebi metal, yau mako uku muryata a dushe

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Zariya, shekarata 21. Shekara biyu ke nan da na kamu da son kiɗan hebi metal, wato kiɗan Turawa mai ƙarar jitar lantarki da ganguna da ake rera shi da gurnani da ƙaraji, har na tara kuɗi na sayi jitar lantarki 'yar gwanjo. Mu uku ne muke son kafa ƙungiya, ni ne mai jita, ni ne kuma mai murya. Kullum bayan la'asar nakan yi kusan awa biyu ina gwada gurnani. Yau mako uku muryata a dushe take, da safe ba ta fita sam, haɗiyar yawu da zafi, sau biyu kuma na ga ɗan jini a kakina. Wani da ya riga mu shiga harkar ya ce haka kowa ya fara, wai sai maƙogwaro ya yi kanta kamar yadda yatsu suke yi a kan tsarkiya. Ya ce in riƙa shan zuma da lemon tsami da ɗanyen ƙwai, in zafin ya yi yawa in kurɓi maganin tari in ci gaba. Malam, ina tsoron in rasa muryata, ina kuma tsoron in daina a ce ni rago ne. Ta ina zan fara?

AMSA

Wa alaikumus salam, ƙanena. Za ka fara da yin shiru. Daga yau babu gurnani, babu ƙaraji, babu waƙa, ka kuma rage magana iya yadda za ka iya. Ko raɗa kar ka yi, domin raɗa takan ƙara matse maƙogwaro. In dole ne ka yi magana, yi ta a hankali da muryarka ta yau da kullum, a taƙaice. Sannan cikin makon nan ka je wurin likitan kunne da hanci da maƙogwaro ya leƙa tantanin muryarka da madubi ko da 'yar kyamara. Asibitin koyarwa na Shika yana kusa da kai, akwai kuma cibiyar kula da kunne ta ƙasa a Kaduna. Ni mai koyar da murya ne kuma mai naɗar sauti, ba likita ba, amma na san dusashewar murya ta mako uku ta wuce a zauna ana jira. Jinin nan ma ka ambata masa, kar ka ɓoye. Yana iya fitowa daga hanci ko daga bayan maƙoshi, yana kuma iya fitowa daga ƙirji, wanda wannan magana ce dabam da ba ta da alaƙa da waƙa.

Yanzu bari mu zo kan maganar kanta, domin ita ce ta hana ni barin wasiƙarka ta kwana.

Babu watan da zai wuce ban ji wannan zance ba. Na san kuma inda ya samo asali. Ka ɗauki jita, makon farko kan yatsunka ya yi ja, ya yi zafi, wani ma ya yi bororo, ka daure, bayan wata guda fatar ta yi tauri, zafi ya tafi, ka ji daɗin kiɗa. Sai hankali ya ce maka to ai maƙogwaro ma haka ne. Nan aka yi ɓatan kai. Yatsa danna tsarkiya kawai yake yi, taurinsa alheri ne. Tantanin murya kuwa shi ne tsarkiyar da kanta. Wasu 'yan tsoka ne guda biyu, tsawon kowace a wurin namiji bai fi santimita 2 da 'yan kai ba, an lulluɓe su da wata fata mai laushi da damshi, suna haɗuwa suna rabuwa fiye da sau 100 a daƙiƙa guda ko da magana kawai kake yi. Laushin nan shi ne muryar. Ranar da suka yi kanta, ranar ce likita zai ce ka kamu da cuta: wasu 'yan ƙulluma biyu masu fuskantar juna da suke hana tantanin rufewa, iska ta riƙa zurarewa, murya ta koma kamar ana jan buhu a ƙasa, sautin sama ya ɓace, ka yi baiti biyu ka gaji. Abin da mutumin nan ya ce ka nema da gangan, shi ne abin da mawaƙa suke shafe watanni suna jinya don su rabu da shi, wasu har da tiyata.

In kana son ka ga ƙarshen wannan hanya ba sai ka je ko'ina ba. Je tasha ka saurari ɗan kamashon da ya shekara ashirin yana kiran fasinja. Muryarsa ta yi kaushi, gaskiya ne, amma ce masa ya rera maka baiti ɗaya a hankali, ko ya ja sauti ɗaya na daƙiƙa goma ba tare da ya tsinke ba. Ba zai iya ba. Muryar da ta lalace ba ta da iko, hebi metal kuwa gaba ɗayansa iko ne: ka yi gurnani a wannan layi, ka koma tsabtatacciyar murya a na gaba, ka maimaita haka gobe da jibi a wani gari.

Kaushin da kake ji a faifan ƙwararru ba daga rauni yake fitowa ba. A saman tantanin murya akwai wasu naɗe-naɗen nama guda biyu da ake kira tantanin ƙarya, da wasu sassa masu laushi a samansu. Ƙwararre yakan bar iska ta kaɗa waɗannan, su ba da gurnanin, na ainihin kuma suna ƙasa ba a matse su ba. Shi ya sa yake sauka daga dandali bayan awa ɗaya da rabi ya yi hira da mutane da muryarsa garau. Wani abin da zai ba ka mamaki ranar da ka tsaya kusa da irin wannan mawaƙi ba tare da makirufo ba: sautin bai kai ƙarfin da kake zato ba. Makirufo da na'urorin situdiyo ne suke mai da shi tsawa. Kai kuwa kana ɗaki kana ƙoƙarin kamo ƙarfin lasifika da naman wuyanka.

Manyan ma da suka bi ta ƙarfi sun biya. Matt Heafy na ƙungiyar Trivium muryarsa ta tafi a wani bikin kiɗa a jihar Ohayo ta Amurka a 2014, bayan shekaru yana ƙaraji ta hanyar da ba daidai ba. Sai da ya koma wurin malamin murya, Ron Anderson, ya fara koyo daga tushe, faifan da suka fitar a 2015 ma babu ƙaraji a cikinsa. M. Shadows, mawaƙin ƙungiyar Avenged Sevenfold, ya soke rangadin ƙungiyarsa a 2018 saboda bororon jini da ya fito masa a tantanin murya. Waɗannan mutane ne masu likitoci na musamman da kuɗin jinya. Kai me ka tanada?

Na san za a kawo maka labarin Tony Iommi, mai jitar ƙungiyar Black Sabbath, a ce ai kiɗan nan a kan wahala aka gina shi. Gaskiya ne inji ya datse masa kan yatsu biyu a wata masana'antar ƙarfe a Barmingam ta Ingila yana ɗan shekara 17. To amma me ya yi? Bai danna ɗanyen rauni a kan tsarkiya yana cewa zai saba ba. Ya narka robar kwalba ya yi wa yatsun hula, ya sa tsarkiyoyi marasa kauri, daga baya ya sassauta ɗaurinsu don su yi laushi, wannan sassautawar kuma tana cikin abin da ya ba kiɗansu nauyin da kowa yake kwaikwayo yau. Dabara ya nema don ya kauce wa ciwo.

Sai magungunan. Ƙanena, duk abin da ka haɗiya ba ya taɓa tantanin murya. Akwai murfin da yake rufe hanyar iska duk lokacin da ka haɗiye abu, abinci ya bi ta hanyarsa ta baya zuwa ciki. Da zuma za ta isa tantanin muryarka da ka ƙware har idonka ya yi ja. Zuma abinci ce mai albarka, tana sanyaya bayan maƙoshi, ka sha abarka, amma ba ta ɗinke raunin da ba ta isa wurinsa ba. Ɗanyen ƙwai ba abin da zai ƙara maka sai haɗarin ciwon ciki. Lemon tsami da yawa, musamman da dare, yana iya tayar da ƙwarnafi, ruwan cikin nan mai tsami kuwa shi yana iya hawowa har maƙogwaro ya ƙona wurin da kake son ya warke.

Maganin tarin shi ne ya fi ɓata mini rai. In mai kodin yake nufi, to ka san abin da ya yi wa samarin Arewa, har gwamnatin tarayya ta hana haɗa shi da shigo da shi a watan Mayun 2018. Ko mu ajiye maganar jaraba gefe, dubi aikinsa: yana kashe zafi, yana kashe tari. Zafi da tari kuwa su ne 'yan aiken da jikinka yake turo maka cewa ka tsaya. Ka kori ɗan aike, ka koma ka yi awa biyu kana gurza rauni ba ka ji. Haka tiramadol. Haka ƙwayar rage kumburi irin su dekzametason da wasu masu kemis suke miƙa wa mawaƙi ba takardar likita, murya ta buɗe na dare ɗaya, ya yi wasa a kan rauni, ya wayi gari ya fi jiya lalacewa. Asfirin ma ka guje shi a wannan hali, yana ƙara sauƙin zubar jini. Wani yaro ya taɓa zuwa mini bayan wata shida a kan irin wannan haɗi, mai murya mai daɗi a da. Ranar da na sa shi ya ja sauti ɗaya sai iska ta riƙa fita ba murya. Kuka ya yi a gabana. Wanda ya ba shi shawarar yana nan yana ba wasu, ba ya asarar komai.

Abin amfanin da yake isa tantanin murya abu biyu ne: ruwan da ka sha ya ratsa jiki, da tururin ruwan zafi zalla da ka shaƙa. Ka yawaita su, balle in hunturu ya shigo da ƙurarsa. Sigari da shisha kuwa kai tsaye suke bi ta kansa.

In likita ya sallame ka, sai mu sake gini. Wata biyu ko uku na farko tsabtatacciyar waƙa kawai, da numfashi daga ciki, kafaɗa ba ta ɗagawa. Ka ɗumama murya da guna baki a rufe da kaɗa leɓɓa kafin komai. Gurnani kuma ka nemo shi daga ajiyar zuciya mai nauyi, irin ta wanda ya sauke kaya bayan doguwar tafiya, ƙasa-ƙasa, minti 5 zuwa 10 a rana, makirufo a bakinka, abin ji a kunnenka don kar ka yi ta ƙara ƙarfi. Ma'auninka ɗaya ne: in ka gama, muryar maganarka ta fita yadda take kafin ka fara. In ka ji ƙaiƙayi, ko tari ya taso, ko ta dushe ko kaɗan, hanyar ba daidai ba ce, ka tsaya sai gobe. Ka nemi darussan Melissa Cross, malamar da ta horar da mawaƙan wannan fanni da dama, sun fi maka bidiyoyin yaran da su ma jiya suka fara.

Makonnin shirun nan ba asara ba ne, hannunka lafiya lau yake. Hebi metal a hannun dama yake zaune. Kunna metronom, wato na'urar da take buga ƙas-ƙas don daidaita gudun kiɗa, a hankali, ka danne tsarkiya da gefen tafi, ka yi ta bugun ƙasa har ya zama ba ka gaba ba ka baya, sannan ka ƙara gudu kaɗan. Kar ka kashe kuɗi a kan babbar amfilifaya, wato na'urar ƙara ƙarfin sautin jita. Ƙaramin akwatin da yake haɗa jita da kwamfuta, da manhajar naɗar sauti irin Reaper, da abin ji a kunne sun ishe ka, ba ka jiran wuta mai ƙarfi, ba ka shiga haƙƙin maƙwabta. Ka naɗi kanka kullum ka saurara. Ranar da kuka samu mai ganga kuka shiga ɗaki ɗaya, kowa ya toshe kunnensa da abin toshewa na roba: ƙarar desibel 85 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti) ana jure ta awa 8, amma ta 100 minti 15 ne kacal, gangunan bature a ƙaramin ɗaki kuwa suna wuce haka. Ƙugin da kunne yake yi bayan atisaye shi ma ba sabo ba ne, ɓarna ce, kuma jin da ya tafi ta wannan hanya ba ya dawowa.

Ka kuma saurari 'yan Afirka da suka riga ka: ƙungiyar Arka'n Asrafokor ta Togo da suke waƙa da harshen Ewe suna haɗawa da gangunan gida, da ƙungiyar Overthrust ta garin Ghanzi a Botswana. In za ka rubuta da Hausa, ina kuma fatan haka, ka lura gurnani yana haɗiye hawa da saukar sautin kalma, sai tsawon wasali da ƙarfin baƙi su rage su ɗauki ma'ana. Saurari kirarin 'yan tauri da na 'yan dambe ka ji yadda ake sara kalma ta fito da nauyi.

Batun a ce kai rago ne, ina so ka ji ni da kyau. Muryar nan da ita za ka gai da mahaifiyarka, da ita za ka yi karatu, da ita za ka kare aikinka gaban malamai, da ita wata rana za ka kira ɗanka. Amana ce a wuyanka, ba a kasuwa ake sayen wata ba. Wanda zai kira ka rago ba zai raka ka layin asibiti ba, ba zai biya kuɗin tiyata ba. Ka nuna wa abokan ƙungiyarka wannan amsa, ka ce musu mai murya ya tafi hutu, mai jita yana nan. Bayan ka ga likita ka rubuto mini abin da ya gani a tantanin, da abin da ya ce game da jinin, daga nan zan tsara maka atisayen makon farko.