Karkarwar Tsohuwar Land Cruiser: Kafin Ka Nemi Wata Farfela

Yarona, ka tambaye ni game da tsohuwar Land Cruiser ɗin nan ƙirar FJ45 wadda mai ita ya sa aka ɗaga ta, aka kuma cire injin fetur aka sa na dizal. Ka ce kun sa wa farfelar baya, wato sandar da ke kai juyi zuwa ƙafafun baya, sababbin kuros, mahaɗan nan masu siffar gicciye da ke ƙarshenta biyu, kun kai tayoyi an daidaita nauyinsu, amma da ta kai gudun kilomita 70 zuwa 80 sai karkarwa ta taso daga ƙarƙashin kujera, shi ya sa kake ganin a nemo wata farfelar. Ban yarda a saya ba tukuna, domin idan zatona ya yi daidai, sabuwar ma haka za ta yi.

Abu na farko shi ne ka gano abin da karkarwar take bi. Ka tsayar da motar, ka sa giya a firi, ka taka totur a hankali har injin ya kai juyin da yake yi a wancan gudun. Idan ta yi rawa a tsaye, matsalar tana wajen inji, ko kuloci, ko kujerun injin da aka ƙera lokacin sauyin, ko kuma salansa da ke taɓa shasi. Idan ba ta yi ba, ka hau titi, ka kai gudun da take farawa, sannan ka sauya giya ba tare da ka sauya gudu ba. Karkarwar da ta tsaya a kilomita 80 ko wace giya aka sa ba ta inji ba ce. Daga bayan giyabos take fitowa.

Daga nan sai ka saurari saurinta, domin jikinka yana iya raba taya da farfela idan ka san lissafin. Taya mai tsayin inci 31 tana juyawa kusan sau 9 a daƙiƙa idan mota tana gudun kilomita 80, kuma idan aksil ɗin mai 4.11 ne, wato farfela ta juya sau 4.11 kafin taya ta juya sau ɗaya, kamar yadda yawancin waɗannan motoci suke, farfela tana juyawa kusan sau 37 a wannan daƙiƙar. Don haka matsalar taya girgiza ce da kake iya gani da ido a sitiyari ko a kujera, ta farfela kuwa gurnani ce mai laushi da ke sa madubi ya dushe, ƙafarka ta yi tsami a kan dandamali. Abin da ka kwatanta mini na biyun ne.

Wannan mota tana da wata dama da ƙananan motoci ba su da ita. Ka yi alama da fenti a mahaɗan farfelar baya, ka kwance ta gaba ɗaya, ka kulle makullan da ke tsakiyar ƙafafun gaba, ka sa ogzilari, wato giyar da ke raba juyi tsakanin gaba da baya, ka tuƙa da farfelar gaba kawai. Idan karkarwar ta ɓace, ka kama wurin. Sai dai ka sa waji a tayoyi kafin ka shiga ƙasa, saboda a yawancin waɗannan tsofaffin birkin hannu yana jikin ogzilari ne, kuma da ka cire farfelar ya daina riƙe ƙafafun baya. Tun da kana wurin, ka girgiza gangar birkin nan da kuma bakin aksil da hannu. Babban noti da ya saki ko boris da ya cinye yana kawo irin wannan gurnanin.

Yanzu ga abin da nake zargi. Kuros ba ya miƙa juyi daidai wa daida idan yana aiki a karkace. Ko da ogzilari yana juyawa da sauri ɗaya, sandar farfela tana ƙara sauri ta rage sau biyu a kowane zagaye, kuma gwargwadon girman karkatar, gwargwadon tsananin wannan fizga. Abin da ke ɓoye ta shi ne kuros na biyu, wanda yake yin kishiyar abin da na farko ya yi, kamar mata biyu masu daka a turmi ɗaya, wannan ta ɗaga wancan ta sauke. Amma hakan ba ya yiwuwa sai an cika sharaɗi biyu: kunnuwan da ke riƙe kuros a ƙarshen sandar biyu su kasance a layi ɗaya, sannan karkatar gaba da ta baya su yi daidai da juna.

Sharaɗi na farko shi ake yawan karyawa a gareji, kuma ina so ka duba shi tun da safe. Farfelar tana da wurin da take zamewa a kan haƙora, kuma idan an zare ta lokacin sa kuros aka mayar da ita a goce, ko da da haƙori ɗaya ko biyu ne, kunnuwan sun bar layi. Haka kuma idan an yanke ta aka yi walda don ta dace da sabon wurin inji, mai waldan yana iya haɗa ta a murɗe. Ka ajiye ta a kan benci ka hango kunnuwan daga ƙarshe zuwa ƙarshe.

Sharaɗi na biyu shi ne wanda ɗaga mota da sauya inji suke ɓatawa. Toyota ta ƙera motar ta yadda bakin ogzilari da bakin aksil suke kwance a layi masu tafiya tare. Da aka sa dogayen maratayan sifirin a baya, hancin aksil ya ɗago sama. Da aka ƙera sababbin kujerun inji kuma, wutsiyar ogzilari ta sauya kwanciya. Ka ajiye motar a daɓe mai shafe, a kan tayoyinta, ba a kan jak ba, ka auna karkatar bakin ogzilari, da ta sandar farfela, da ta bakin aksil. Ma'aunin kusurwa da ke cikin waya ya wadatar idan ka ɗora ta a kan ƙarfe mai tsabta. Alal misali, idan ogzilari ya nuna digiri 3, farfela 9, aksil 5, duk a gangare ɗaya, kuros na gaba yana aiki a kan 6, na baya a kan 4, kuma wannan bambancin na 2 ya isa ya kawo abin da kake ji. Ana so bambancin kada ya wuce digiri 1. A ƙaramar mota ana son kowanne ya tsaya tsakanin 1 da 3. A motar da aka ɗaga ba ka samun haka, amma daidaiton dole ne. Alamar wannan cuta ita ce tana tsananta idan ka taka totur, ta lafa idan ka ɗaga ƙafa, domin ƙarfin ja yana murɗa sifirin ya ƙara ɗaga hancin aksil.

Gyaransa waji ne na ƙarfe mai digirin da ake bukata, a sa shi tsakanin sifirin da mazaunin aksil, ko a gyara tsayin kujerar ogzilari. Ban son na alminiyam, yana fashewa a kan hanyoyinmu. Idan kuwa karkatar ta yi yawa ƙwarai, sai an koma farfela mai kuros biyu a haɗe a gaba, a juya hancin aksil ya kalli ogzilari kai tsaye.

Sai waɗannan sun fita daga zargi za ka koma kan sandar kanta. Ka ɗora aksil a kan matokaran ƙarfe, ka juya sandar da hannu da agogon awo a tsakiyarta. Idan lanƙwasar ta kusa milimita 1, a kai ta a miƙe. Ka duba ko ƙaramin ƙarfen daidaita nauyi ya faɗi, ko busasshen taɓo ya manne a gefe ɗaya. Gobe ka fara da kunnuwan, sannan ka rubuto mini lambobin nan uku a takarda kafin a kwance ko noti ɗaya a aksil.