Ga mai neman mota ta hannu mai inji a tsakiya

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Tun jiya na ga tambayarka, na bari sai na samu natsuwa, don ba magana ce ta layi biyu ba. Ka ce ka tara kuɗi kana son motar gudu mai inji a tsakiya, ta hannu, kuma hankalinka ya rabu tsakanin Porsche Boxster S ta 2001, Toyota MR2 samfurin ƙarshe, Lotus Elise, sai wata Ferrari 360 da ka ga an karya mata farashi har kana tunanin ciwo bashi ka cika ka ɗauke ta. Kana son sanin wacce ta fi gudu, wacce ba ta yawan kwana a gareji, wacce kuma ba za ta ƙarar maka da aljihu ba.

Na riƙe MR2 ta 2003 shekara 4, yanzu kuma shekarata ta 6 ke nan da Porsche Cayman ta 2010, 'yar'uwar Boxster mai rufin da ba ya buɗewa. Elise ta wani abokina na tuƙa ta sau da yawa, Ferrari kuwa na sha zama da masu ita, na ga takardun sabis ɗinsu da idona.

Akwai tambaya ɗaya da ba ka yi ba, kuma ita ce gaba da sauran: wa zai riƙa gyara maka ita? Motar da injinta ke bayan kujerar direba ba a buɗe mata bonet a ga komai shimfiɗe. A Cayman ɗina, in za a canja bel ɗin da ke juya famfon ruwa, sai an tura kujeru gaba, an ɗaga kafet, an kwance wani murfi a bayansu. Fulogi ta ƙasa ake kai musu hannu, bayan an cire tayoyin baya. A Boxster sai an tsayar da rufin a rabin buɗewa kafin a kai ga saman injin. Aikin da ake gamawa cikin minti 20 a motar gida, a nan yana cin rabin yini, kuma lokacin makaniki kuɗi ne. Sannan lagireto yana can gaba, inji yana baya, ruwa sai ya bi dogayen bututu ta ƙarƙashin motar ya je ya dawo. Na taɓa kai MR2 wurin wani makaniki ya canja mata ruwa. Mutum ne mai hannu, amma bai saba da irinta ba, ya zuba ruwa ya rufe bai fitar da iskar da ta maƙale a bututun ba. Ban yi tafiyar minti 15 ba allurar zafi ta fara hawa, hita kuma sai iska mai sanyi yake hurawa. Allah ya sa idona na kan allurar, na gangara gefe na kashe. Da na ƙara kilomita 2 da injin ya tafi. Tun ranar ban sake ba wa kowa motata ba sai wanda ya taɓa kwance irinta. Ka fara samo wannan mutumin kafin ka samo motar.

MR2 ɗin da kake magana an ƙera ta daga 1999 zuwa 2007. Injinta lita 1.8 ne, ƙarfin doki 138, dangin injin da ke cikin Corolla ta wancan zamanin, shi ya sa kayan gyaransa ba su da wuyar samu kuma ba su da tsada. A takarda 138 ba abin a zo a gani ba ne. To amma nauyin motar bai cika kilo 1,000 ba, kuma a hanya mai kwane-kwane wannan rashin nauyin ya fi ƙarin doki 100 daɗi. Ba ta shan mai, tayoyinta ƙanana ne, birkinta yana daɗewa. Abin da aka san ta da shi biyu ne: samfuran farko, kafin gyaran fuskar da aka yi mata wajen 2003, wasunsu suna shan baƙin mai, kuma ƙananan matatun hayaƙi da ke manne kusa da injin sukan farfashe, ɓarɓashin ya koma cikin silinda ya kankare ta. Ka tambaya ko an duba su. Ka leƙa ƙarfen da ke riƙe da ƙafafun baya, tsatsa tana son wurin. Wurin kaya kuwa babu, sai wasu 'yan akwatuna a bayan kujeru. Ni da maiɗakina in za mu yi tafiyar kwana biyu, jaka mai laushi ɗaya muke haɗawa. Amma a shekara 4 ɗin nan, in ka cire abin da na ba ka labari, mai da filta da taya kawai na sani.

Boxster ita ce inda zan daɗe, don na ga zuciyarka ta fi karkata can, kuma a nan ne shekarar ƙira take raba mai murna da mai kuka. Ta fito a 1996 da inji mai silinda 6 a kwance, lita 2.5. Wadda kake kallo, S ta 2001, lita 3.2 ce, ƙarfin doki wajen 250. Tuƙinta sai wanda ya ɗanɗana: sitiyarin yana gaya maka duk abin da tayar gaba ke takawa, kukan injin kuma daga bayan kunnenka yake tasowa. Sai dai a cikin wannan injin akwai wani sanda da ke karɓar juyi ya miƙa wa sarƙoƙin da ke buɗe bawul, a ƙarshensa akwai boris, wanda masu motar ke kira IMS. Mafi yawan motocin sun ƙare rayuwarsu bai yi komai ba. Amma ranar da ya watse, lissafin injin yana rikicewa, fistin ya daki bawul, daga nan sai neman wani inji, wanda kuɗinsa kan kusanci kuɗin motar gaba ɗaya. Sauƙin abin shi ne a samfurin shekarar da kake so ana iya zare shi a sa sabo in an sauke akwatin giya, don haka masu lura sukan haɗa aikin da canjin kulochi, su canja har da robar bayan inji da ke yawan tsatsafar mai. In mai motar ya ce an yi, ka ce ya nuna rasit. In babu rasit, ka ɗauka ba a yi ba, ka cire kuɗin aikin daga farashi.

Daga wajen 2006 an ƙara wa boris ɗin girma, matsalar ta ragu ƙwarai, sai dai ba ya fita sai an raba injin biyu. A wannan zangon kuma, Cayman S mai lita 3.4, wadda ƙarfinta ya kai doki 295, an san ta da kartar bangon silinda. Alamarsa ƙara ce kamar ana ƙwanƙwasa ƙarfe a hankali, da shan baƙin mai, kuma ba a tabbatar da shi sai an zura ƙaramar kyamara a cikin silinda an gani.

A 2009 aka kawo sabon inji wanda babu wannan sandan a cikinsa sam, aka kuma maye tsohuwar giyar atomatik da PDK mai kulochi biyu. Dalilin da ya sa na haƙura shekara guda na ƙara tara kuɗi na sayi ta 2010 ke nan. Tawa ƙaramar ce, lita 2.9, doki 265, giyar hannu. Ban taɓa hawa hanya na ji ta gaza mini ba. Tana da but biyu, gaba da baya, lita 150 da 260, har cefanen gida nakan yi da ita. In da hali, shawarata ke nan: Boxster ko Cayman daga 2009 zuwa 2012, ko da ƙaramin injin ne. Gara ƙaramin inji na 2009 da babban inji na 2001 wanda ba a san tarihinsa ba. Kada dai ka ji na yabe ta ka ɗauka riƙonta kamar na MR2 ne. Baƙin mai sama da lita 7 take sha a kowane sabis, kuma mai kyau. Famfon ruwa yana da wa'adi. Ganyaye da datti suna taruwa a gaban lagiretocin nan biyu da ke cikin bamba, su riƙe laima su ruɓar da su, shi ya sa duk shekara nake sa a kwance a wanke. Abin da nake kashe mata a shekara ya ninka na MR2 fiye da sau biyu, ko a shekarar da babu abin da ya lalace.

Elise daban take. Ta farko, ta 1996, kilo 725 ce kacal, ƙashin jikinta na alminiyam ne da aka haɗa da gam, sitiyarinta babu na'urar sauƙaƙawa. Ban taɓa tuƙa motar da ke bin umarnin hannu kamarta ba, ko Cayman ba ta kai ta a nan ba. Masu injin Rover an san su da ƙona gaskit ɗin kan inji. Daga 2004 aka fara sa mata injin Toyota mai doki 189, wannan kuwa ya kwantar da hankalin mutane. Amma shigarta sai an tanƙwashe, ƙara ta cika ta, kuma gabanta da bayanta kowanne faiba ce guda ɗaya, ɗan gogar da za a buga a gyara a wata motar a nan yana iya zama canjin rabin jiki. In kuma ƙashin alminiyam ɗin ya lanƙwashe, ba a miƙe shi. Mota ta biyu ce, ta fita ranar hutu. In ita kaɗai za ka mallaka, kada ka fara.

Ferrari ɗin nan kuwa, ɗan'uwa, don Allah ka janye. Ba don motar ba ta da kyau ba. 360 ta 1999 zuwa 2005, silinda 8, lita 3.6, doki 400, ta fi duk waɗanda ka lissafa gudu nesa ba kusa ba, kuma ta fi yayarta F355 sauƙin riƙo, don ita F355 sai an sauke injin gaba ɗaya kafin a canja bel ɗin lissafi, wato mai daidaita buɗewar bawul da juyin inji, 360 kuwa ta wani murfi a bayan kujeru ake yi. To amma bel ɗin nan da shekaru ake ƙirga masa wa'adi, ko ka hau ko ka ajiye. Giyarta ta F1, wadda kwamfuta ke taka mata kulochi, tana cin kulochi a cunkoso. Farashin mota yana sauka da tsufa, farashin kayan gyaranta ba ya sauka. Kuma ba banza ba aka karya wa wannan farashi: galibi sabis ne na shekaru aka tsallake, mai ita ya ga lissafin da ke tafe ya ce bari ya miƙa wa wani. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Wanda zai ci bashi kafin ya cika kuɗinta, ranar da ta nemi gyaran farko ajiye ta zai yi a lulluɓe, bashin kuma yana tafiya.

Wasu za su ce maka Honda NSX, kuma da gaskiyarsu wajen ƙarko, sai dai farashinta ya yi sama tuntuni. Audi R8 da Corvette ta 2020 zuwa sama duk wani aji ne na kuɗi, ba su shiga lissafinka ba.

Akwai abin da ya haɗa su duka, wanda ban ga kowa ya faɗa maka ba. Da yake nauyin yana tattare a tsakiya, motar tana shiga kwana da sauri, in kuma bayanta ya kuɓuce, da sauri yake kuɓucewa. MR2 ta 1989, samfurin da ya gabaci wanda kake so, ta yi suna da wannan har sai da aka sake mata saitin ƙafafu wajen 1992. Ni ya same ni a watannin farko da na sayi motata, ana yayyafi, a wata kwana da na sani sarai. Na shigo da ɗan gudu, gabana ya faɗi, na ɗaga ƙafa daga totur gaba ɗaya. Kafin na ƙifta ido ina fuskantar inda na fito. Babu kowa a hanyar, Allah ya tsare. Da aka duba, tayoyin bayan da na saye ta da su zanensu da saura, amma shekararsu 8, roba ta bushe. A gefen kowace taya akwai lambobi 4, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar ƙira. Ka karanta su kafin ka karanta lambar kilomita. Tayoyin baya sun fi na gaba faɗi, ba a musanya su, sun kuma fi saurin cinyewa, don haka ka sa su cikin lissafin shekara. Kada ka yi musu rowa, kada kuma ka haɗa iri biyu.

Ranar da za ka je dubawa, ka ce kada a tayar da ita sai ka zo. Na taɓa zuwa ganin wata mota da sassafe, na ɗora tafin hannu a murfin injin na ji ɗumi, mai ita ya ce wai matsar da ita kawai ya yi. Na dawo washegari ba sanarwa, aka tayar da ita a sanyi, sai ga ƙwanƙwasa da shuɗin hayaƙin da bai ɗauke ba. Na yi masa godiya na tafi. Ka je da makanikinka, a ɗaga motar sama, a cire filtar baƙin mai a baje takardarta a rana, in ka ga ƙyalƙyalin ƙarfe a cikin ninkin ka haƙura. A Porsche ka sa a jona kwamfuta, tana riƙe da tarihin duk lokacin da aka wuce da injin iyakar juyinsa. Ka tambayi kuɗin inshora tun kafin ka biya. Kuma ni ƙa'idata, kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin da na tara ba ya shiga sayen motar, ajiye shi nake yi don shekarar farko; a duka motocina biyu sai da na taɓa shi.

In kuɗinka bayan wannan ajiyar bai kai na 2009 ba, kuma ba ka son jira, MR2 ta 2003 zuwa sama za ta koya maka tuƙin irin waɗannan motoci ba tare da ta hana ka barci ba. In kuwa Boxster ɗin 2001 ce ta shiga ranka, ka ce mai ita ya ɗauko maka hoton takardun sabis, ka rufe sunansa da lambar motar ka sa a nan. Ina son ganin shekarar da aka canja kulochi, da ko an taɓa boris ɗin a lokacin, da tazarar da ke tsakanin canjin mai zuwa canjin mai. In ka sa, zan duba maka in sha Allahu.