Amsa: ɗaliban shekarar farko da darasin kemistiri

Malam, ka ce ɗalibanka na shekarar farko hadda kawai suke yi, ba sa ganewa. Rage tsawon lacca tukuna. Jefa musu tambaya: idan aka matse mazubin gas, yaya ƙarfin matsinsa zai kasance? Kowa ya zaɓi amsa, ya yi gardama da na kusa da shi, a sake zaɓe. Sannan ka buɗe PhET, manhajar kyauta ta Jami'ar Colorado a Amurka, su ga ƙwayoyin gas ɗin suna ta dukan bangon mazubin. Nazarin 2014 da ya tattara bincike 225 ya nuna faɗuwar ɗalibai a darussan kimiyya, injiniyanci da lissafi ta sauko daga kashi 34 cikin ɗari a inda ake lacca kawai zuwa 22 a inda ake sa ɗalibai cikin darasi irin haka. Amma manhaja ba ta maye gurbin aikin hannu: ɗiga asid da hannu kam, sai a ɗakin gwaji.