Amsar muryar Yaya kan hotunan kangaye

Assalamu alaikum. Yaya ina wuni, ya iyali, ya jikin Gwaggo. Na ji muryarka tun azahar, ina wajen aiki ne. Ka ce shekara shida ina Dublin ta ƙasar Ireland amma kullum kango da tsohon bango da tsofaffin mata nake turo muku, wai anya Turai na tafi kuwa. To ni na san inda maganar ta dosa. So ake a ji ko wahala nake sha ina ɓoyewa, kuma na ji bakin Gwaggo a ciki. A gaya mata lafiyata ƙalau, ɗakina da ɗumi, jiya ma tuwon shinkafa na ci. Unguwar da nake ɗauka ba can nake kwana ba, hayarta ma yanzu ta fi ƙarfina. Takanas nake shiga bas ranar Asabar in je.

Sunanta Liberties. Ka ɗauka kamar Fagge ce, bayan ganuwa take. A da ba ta ƙarƙashin hukumar cikin birni, wani yanki na babban limamin coci ne, wani na gidan sarautar Meath, kowa da kotunsa. Shi ya sa har yau akwai Meath Street. Unguwar masaƙa ce da majema. Wasu masaƙan ma 'yan gudun hijira ne daga Faransa, rikicin aƙida ya koro su wajen 1685. Akwai wani gefe da ake kira Tenters, asalinsa filin shanya ne, inda ake miƙe yadi a ɗaure ya bushe. A 1699 majalisar Ingila ta hana su fitar da kayan ulu waje, sana'ar ta durƙushe, talauci ya shimfiɗa tabarma. Kai da ka ga abin da ya sami masaƙun Sharaɗa da Bompai ba sai na yi maka bayani ba.

To wancan hoton da ka sa wa alamar dariya, mai jan bulo da ciyawa ta tsiro a samansa, kasuwa ce fa. Iveagh Market, a Francis Street. Aivi ake faɗa, ba aibi ba, kafin Auta ya fara. An buɗe ta a 1906. Mai gidan Guinness ne ya gina ta, kuɗin giya, Allah ya kiyashe mu, amma haka tarihin yake. An rushe lungunan da ke kusa da babban cocin St Patrick, masu kasa kaya a bakin titi suka rasa wurin zama, shi ne ya yi musu wannan. Ka san abin da ake sayarwa a ciki? Gwanjo. Wallahi gwanjo, Yaya, Turawa na ɗaga riga suna duba hammata suna taya. Gefe ɗaya tufafi, gefe ɗaya kifi da kayan miya. Har gidan wanki aka yi musu a tsallaken titi, sai an tsabtace kaya an kashe ƙwarkwata kafin a kasa. A saman ƙofofin an sassaƙa kawunan mutane da dutse, ƙabila daban-daban, ɗaya ma ya kashe ido ɗaya. Tun shekarun 1990 aka rufe ta, aka yi ta ja-in-ja da shari'a a kanta, ruwan sama na cin ta.

Ranar da na ɗauki hoton wata tsohuwa ta tsaya a bayana da keken cefanenta. Gabana ya faɗi, ka san baƙar fata da kyamara, na ce shi ke nan za a tara min jama'a. Sai cewa ta yi, ɗana, ba nan ce ƙofar da muke shiga ba, zo ka gani. Uwarta ta yi shekaru tana sayar da gwanjo a ciki. Minti arba'in muna tsaye a yayyafi, ta nuna min tagar ɗakin da su tara suke kwana, famfo ɗaya a tsakar gida, banɗaki ɗaya na gidan gaba ɗaya. A 1963 irin waɗannan gidajen haya suka rufta a Bolton Street da Fenian Street, mutum huɗu suka mutu har da 'yan mata ƙanana biyu, hukuma ta tsorata ta shiga kwashe mutane zuwa bayan gari. Ita da danginta Ballyfermot aka kai su. Amma har yau duk Asabar sai ta zo Meath Street sayen nama, wai na can ba ya yi mata daɗi. Nama ɗaya ne, ƙawayenta take zuwa gani. Na wanke hotonta na kai mata bayan sati biyu. Haka nake yi, in na ɗauki mutum sai na mayar masa da nasa, yara kuwa ba na ko ɗaga kyamara.

Ina ma nake? Yauwa. Ba da ka nake yi ba. Babban ɗakin karatu na ƙasa yana da tarin da ake kira Lawrence, hotuna kusan 40,000 a kan gilashi, yawancinsu wani Robert French ne ya ɗauka kafin 1914. Suna intanet, kyauta. Sai in buɗe ɗaya a waya, in nemi daidai inda mutumin ya kafa ƙafa, in tsaya in ɗauka. Wani wurin coci kaɗai ya rage, kamar St Catherine a Thomas Street, inda a gabansa aka rataye Robert Emmet, wanda ya yi wa mulkin Ingila tawaye, a 1803. Sauran duk otal ne da ɗakunan ɗalibai. Gidan wasan Tivoli ina gani aka... a'a tsaya, na zo bayan an rushe shi, 2019 aka rushe, hoton wani na gani. Akwai kuma gobarar 1875, da rumbun barasa ya kama, barasa na gudu a titi tana ci da wuta, sai da kashin doki aka tare ta. Mutum 13 suka mutu, babu wanda wuta ta taɓa, kamfata suka yi ta yi da hula da takalmi suna sha. Bar wannan, sai wani lokaci.

Ni abin da ke cina, tunda ka taɓo, soron Malam. Sau nawa na kira ka da za a rushe a yi shaguna? Na ce Yaya don Allah ɗauki ko guda biyar, ciki da waje, da azarar, da alkukin da yake ajiye fitila, da zanen da ke bakin ƙofa. Ka ce an jima. Na turo maka kuɗin data, ka ce rana ta yi, gobe da safe. Goben nan kafin ka karya an kwantar da shi. Biki kuwa hoto ɗari uku kuka turo, kowa da ashobe, bango ɗaya fari kuka jingina. Yanzu 'yata in ta ce ina kakanmu yake karantarwa, shagon cajin waya zan nuna mata? Ba faɗa nake ba, a'a, Gwaggo kar ki ce na yi wa Yaya rashin kunya. Na yafe tun tuni. Amma dai sau huɗu na kira.

Gine-ginen gilashin da kuke so suna bakin kogi wajen tashar jiragen ruwa, can su Google suke, zan je in tsaya a gaba da kwat in turo wa Gwaggo ta nuna wa maƙwabta. Kai kuma Auta, ƙofar gidan Kawu ta katako mai ƙusoshi tana nan ko an sa ta ƙarfe? In tana nan je ka ɗauko min gobe, da hantsi, kar ka tsaya a gabanta. Ga bas ɗina nan, sai anjima.