Yatsuna na sagewa cikin dare, me ke kawo shi?

Tambaya: Likita, wata 3 ke nan ina farkawa cikin dare da yatsun hannuna na dama a sage, kamar ana caka mini allura. Sai na yarfa hannun nake samun sauƙi. An ce jijiya ce ta matse. Abin tsoro ne?

Amsa: Malama, da kina gabana, farkon abin da zan tambaye ki shi ne waɗanne yatsu ne, domin su ke nuna inda jijiyar ta matse. In babban yatsa ne da manuniya da na tsakiya, ƙaramin kuwa lafiya lau, to matsalar tana wuyan hannu. A nan jijiya ke ratsa wata ƙuntatacciyar hanya tare da jijiyoyi 9 masu lanƙwasa yatsu, kumburi kaɗan ya isa ya danne ta. Cikin barci mukan naɗe hannu ba mu sani ba, shi ya sa abin ya fi tashi da dare. Juna biyu, ciwon suga, ƙiba, amosanin gaɓɓai da aikin da ake maimaitawa da hannu duk suna jawo shi.

In ƙaramin yatsa ne ke sagewa, sai a duba gwiwar hannu. In kuma zogin daga wuya yake gangarowa, faifan da ke tsakanin ƙasusuwan wuya ake zargi. Irin wannan faifan ne, in ya zame a ƙugu, ke sauke ciwo ta bayan cinya har tafin ƙafa, tari ko atishawa su tsananta shi.

Mutane sun fi tsoron zafi, ni kuwa rashin ƙarfi ya fi tayar mini da hankali. In kofi ya fara suɓuce miki, ɓalle maɓalli ya gagara, ko tsokar gindin babban yatsa ta fara lotsawa, kada ki ƙara jira, don jijiyar da ta daɗe a danne ba kullum take dawowa daidai ba.

Alamomi biyu kuwa ba sa kwana: ciwon baya haɗe da sagewar matsematsi ko kasa riƙe fitsari da bayan gida, da kuma sagewar ɓarin jiki farat ɗaya tare da karkacewar baki. A garzaya asibiti nan take.

Naki dai, ki samu abin ɗaure wuyan hannu da zai riƙe shi a miƙe lokacin barci, ki gwada sugarki, sannan ki ga likita ya duba hannun.