Injin ƙirga ruwa na yana sandarewa, ina matsalar take?

Tambaya daga wani ɗalibi a Kaura Namoda: Salam malam, na haɗa Arduino Uno (ƙaramin bodin kwamfuta da ake rubuta wa umarni) da sensa YF-S201 don ƙirga ruwan da ke shiga tankin bohol ɗin unguwarmu, na ɗaura sensar a fil na 2 na bodin da katsewa (interrupt, wato ɗan aikin da bodi ke tsayawa ya yi duk sanda sensa ta turo bugu), cikin katsewar na sa delay (umarnin jira) da rubutu a sikirin. Da famfo ya tashi sai abin ya sandare, sai na cire wuta na mayar. Mi ke kawo haka don Allah?

Amsa: Wa alaikassalam ƙanena. Bodinka lafiya lau, kai ne ka ɗora wa katsewa kayan da ba nata ba.

Ka taɓa lura da mai shayi da safe? Yana tsakar suyar ƙwai wani ya ƙwala masa kira, sai ya ce "na ji" ya riƙe a ka, ya ci gaba da suya. To katsewa ita ce wannan "na ji" ɗin, ba ita ce haɗa shayin ba. Kai kuma ka sa shi ya bar kasko kan wuta ya tafi hira.

A Uno, muddin kana cikin katsewa sauran katsewa a kulle suke, har da wadda ke tura agogon cikin bodin, wato millis, gaba kusan duk milisakan ɗaya, shi kuma delay da wannan agogon yake lissafi, kenan ka zaunar da shi yana jiran agogon da kai da kanka ka tsayar, ina zai motsa? Ga shi sensar taka tana harbo bugu wajen 450 a kowace lita, tun ba a gama da ɗaya ba wani ya iso.

Gyaran: cikin katsewar kar ka bar komai sai ƙara ɗaya a kan lambar da ke ƙirga bugun, shike nan. Ka sa wa lambar volatile, wato alamar cewa katsewa na iya canza ta kowane lokaci. Lissafin lita da rubutun sikirin duk ka kwashe su zuwa loop, babban aikin da bodin ke ta maimaitawa. Sannan wani abu da yara da yawa ke mantawa, ƙwaƙwalwar Uno, wato ATmega328P, bit 8 take ɗauka a lokaci guda, lambarka kuma ta fi haka faɗi, don haka in za ka karanta ta ka kira noInterrupts don kulle katsewa, ka kwafe lambar, ka buɗe katsewar nan take, kar ta canza kana tsakar karantawa, in ba haka ba wata rana za ka ga tanki ya sha litar da babu ita.

Kuma fa ba dabarar mu ba ce, manya ma haka suka raba aikin gida biyu. Linux, babbar manhajar tafiyar da kwamfuta, ya shigo da tsarin miƙa nauyin katsewa ga zaren aiki na daban a 2009, FreeRTOS, manhajar da ke tafiyar da wani bodin mai suna ESP32, kuwa har umarni na musamman ya ware don amfani a cikin katsewa, masu ƙarewa da FromISR. In ka koma ESP32 nan gaba ka daɗe cikin katsewa, shi ba ya sandarewa shiru, maigadin cikinsa (watchdog, mai lura ko ya maƙale) ne zai sake tayar da shi.

Ka gwada, in lissafin ya riƙa tsalle duba wayar sensar, kar ta bi kusa da ta famfo.